Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Jihar Gombe: A Gwada Kwale-kwale Kafin Ya Ɗauki Mutane

Mai girma Kakakin Majalisa da sauran 'yan majalisa masu daraja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon Allah ya yi riƙo da hannayenku wajen sauke nauyin jama'ar da suka turo ku.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na koyar da aikin katako har na yi ritaya, gidanmu kuma ba shi da nisa da ruwan Dadin Kowa. Buƙata ɗaya ce ta sa na rubuto muku. Ku yi mana tanadin da zai hana kowane kwale-kwale ɗaukar fasinja a jihar nan sai an gwada shi a cikin ruwa, an ja masa layin da lodi ba zai wuce ba, an kuma rubuta yawan mutanen da zai iya ɗauka a jikinsa da fenti, inda mai shiga zai gani da idonsa.

Wanda bai san Gombe ba yakan ɗauka ba mu da ruwan da za a yi wa doka. Ku kun fi ni sani. Kogin Gongola yana ratsa Dukku da Nafada da Funakaye, ya bi ta gefen Kwami ya zube a madatsar Dadin Kowa da ke Yamaltu/Deba, kafin ya gangara Adamawa ya haɗu da Binuwai a Numan. Tafkin da madatsar ta tara tun shekarun 1980 ya kai murabba'in kilomita 300, gaɓarsa ta taɓa Borno da Yobe. Mutanen Kupto da Malleri da ƙauyukan ƙetare ba yawon shaƙatawa ke kai su kan ruwa ba. Gona ce, kasuwa ce, asibiti ne, biki ne ko ta'aziyya. Ga kuma madatsar Balanga da ƙananan koguna da ke cika su tumbatsa duk damina.

Ranku ya daɗe, ku je bakin ruwa ranar kasuwa ku tsaya ku gani. Za a fara jera buhunan masara ko shinkafa a ƙasan jirgi. A turo babur a ɗora shi a gicciye, tayoyinsa na leƙen ruwa. Mata su hau kan buhunan su zauna da goyo, maza su tsugunna a gefe, yara a cusa su duk inda aka ga sarari. Mai fito yana cewa, "Hajiya matsa kaɗan, akwai wuri." In wani ya ce lodin ya yi yawa, sai a ce masa, "Ai kullum haka muke ɗauka, ruwan ma a kwance yake." Yaron jirgi na tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwarfar ruwa tun ba a tashi ba. In ka sa hannu ka auna daga bakin katako zuwa ruwa, wani lokaci yatsu huɗu ne. Ban taɓa ganin kwale-kwale ɗaya a gaɓarmu da aka rubuta wa adadin mutane ba. Mai jirgin da kansa bai san adadin ba, domin kafintan da ya ƙera masa bai gaya masa ba, shi ma kafintan da ido ya yi aikinsa kamar yadda ya gada.

Ba zargin masu fito nake yi ba. Akasarinsu sun fi kowa sanin ruwan, sun san inda kututture yake a ɓoye, sun san inda dorinar ruwa ke kwana. Amma sanin ruwa daban, sanin iyakar jirgi daban. Jirgin da ya ƙetara lafiya da lodin da ya fi ƙarfinsa sau da yawa, sa'ar iska kawai ya yi ta samu.

Maƙwabtanmu sun ga abin da ke faruwa ran da sa'ar ta ƙare. A Nuwamban 2020 kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Itas/Gadau ta Jihar Bauchi, mutum 18 suka rasu, yawancinsu 'yan mata ƙanana da ke kan hanyar gona. A Mayun 2021 aka yi na Warrah a Jihar Kebbi, ƙarshen Nuwamban shekarar kuma aka yi na Bagwai a Kano, inda aka fara tabbatar da rasuwar mutum 29, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Na Bagwai a madatsar Watari ya faru, wato ruwan dam ne irin namu. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu da rahama. Kusan duk lokacin da aka yi irin wannan, kalmar da ake ji ita ce lodi ya yi yawa. To, ya yi yawa a kan nawa? Wa ya taɓa auna jirgin ya ce ga iyakarsa? In babu adadi a rubuce, babu abin da za a ce an ƙetare, kuma babu wanda za a riƙe.

Abin da aka saba yi bayan haɗari shi ne ta'aziyya, sai rabon rigunan kariya, sai gargaɗi a kan tafiyar dare. Duka suna da kyau, ina goyon bayansu. Sai dai riga tana aiki ne bayan mutum ya riga ya faɗa ruwa. Ni maganata a kan abin da zai hana jirgin zubar da shi ne tun farko.

Ku ba ni dama in ɗan koma aji, don dalilin gwajin ya fito fili. Abu uku ke kifar da buɗaɗɗen jirgi. Na farko ƙarancin tazara tsakanin ruwa da bakin jirgi. Duk kilo ɗaya da aka ƙara, jirgi na ƙara nutsewa har sai ya ture ruwa mai nauyin kilo ɗaya. In tazarar ta ƙare, ƙaramar igiyar ruwa ma ta isa ta faɗo ciki. Na biyu nauyi a sama. Buhu a shimfiɗe a ƙasa yana taimaka wa jirgi ya zauna daram, amma mutanen da ke zaune a kan buhun, da babur a kan baki, da wanda ya miƙe tsaye don ya gyara riga, duk suna ɗaga cibiyar nauyin sama. Ga kuma faɗi. A lissafin masu ƙera jirage, in aka rage faɗin jirgi da kashi ɗaya cikin biyar, ƙarfin da faɗin ke ba shi na komawa daidai bayan ya karkata yana raguwa da kusan rabi. Shi ya sa kwale-kwale biyu masu tsawo ɗaya ba lalle su ɗauki mutane daidai ba, shi ya sa kuma dokar da za ta ce "jirgi mai tsawo kaza ya ɗauki mutum kaza" ba za ta wadatar ba. Kowanne sai an gwada shi shi kaɗai.

Na uku shi ne wanda aka fi rainawa, wato ruwan da ke kwance a cikin jirgi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da cikinsa ya kai mita 8 a tsawo da mita 1 a faɗi, in ruwa ya kwanta a ciki zurfin santimita 5, kamar yatsu uku ke nan, an sami lita 400. Nauyin manya fiye da biyar ne waɗanda ba su biya kuɗin fito ba. Kuma su ba sa zama wuri ɗaya. Duk macen da ta taɓa ɗauko ruwa a babban daro wanda bai cika ba ta san yadda yake yi: da ta ɗan karkata, sai ruwan gaba ɗaya ya ruga gefen da ya yi ƙasa ya ƙara rinjayarta. Haka yake yi wa jirgi. Ya karkata kaɗan, ruwan ciki ya bi shi, fasinja su tsorata su miƙe su ruga ɗaya gefen, jirgin ya dawo da ƙarfi ya wuce iyaka. Kafin a yi salati biyu an gama.

Gwajin da nake roƙo ba sai an kawo na'ura daga waje ba. A wuri marar zurfi ake yinsa, kusa da gaɓa, jirgi a ɗaure da igiya sako-sako, kuma ba da mutane ba. Ƙa'idojin duniya na ƙananan jirage suna lissafa mutum ɗaya a kan kilo 75. Jarka mai lita 25 guda uku cike da ruwa ta tsaya a madadin mutum ɗaya ke nan, ko a yi amfani da buhunan yashi da aka auna. Za a sa inji da mai da duk abin da jirgin ke tafiya da shi, sannan a riƙa jera jarkokin a inda mutane ke zama, a kan benci ba a ƙasa ba, ana auna tazarar baki da ruwa a gaba da tsakiya da baya. Inda tazarar ta sauko iyakar da injiniyoyi suka yanke, nan lodi ya tsaya, nan za a ja layi.

Daga nan sai a fara kwashe nauyin ana mayar da shi gefe ɗaya, kaɗan-kaɗan, kamar yadda fasinja ke yi in sun hango dorina ko in za a sauka. A rataya zare mai ƙarfe a ƙasa irin na magina, ko a ɗora wayar hannu mai auna karkata a kan benci, a ga iya inda jirgin ya kwanta da abin da ya rage kafin ruwa ya shiga. Jirgin da ya ci gwajin farko da mutum 20 yana iya faɗuwa a wannan, a mayar da shi 14. Ƙaramin adadin shi za a rubuta.

Na ƙarshe shi ne a cika jirgin da ruwa da gangan, bayan an cire inji an sa ƙarfe ko dutse mai nauyinsa a wurinsa, a ga ko zai nutse, ko zai juya ciki ya koma sama, ko kuwa zai tsaya a kwance yadda mutane za su riƙe shi har taimako ya zo. Mutane da yawa sun ɗauka katako ba ya nutsewa. Tsohon katako mai nauyi da ya sha ruwa shekara da shekaru, ga inji a baya, ga faci da kwano da ƙusoshi, abin da ya rage masa na tashi sama kaɗan ne. Maganin kuma yana nan a kasuwa. Jarka mai lita 25 da babu komai a ciki, in an toshe bakinta da kyau, tana ɗaga kusan kilo 24 a ruwa. A ɗaure su tamau a ƙarƙashin bencinan jirgin, a jere ta gefe da gefe kuma sama-sama, domin in aka tara su a ƙasan tsakiya jirgin da ya cika da ruwa juyewa zai yi. Mutumin da ke cikin ruwa yana riƙe da gefen jirgi ba ya da nauyi sosai, saboda haka jarkoki kaɗan na iya riƙe rayuka da yawa.

Waɗannan gwaje-gwaje ba ni na ƙirƙiro su ba. Suna cikin ƙa'idar duniya mai lamba ISO 12217, wadda kashinta na uku ya shafi jiragen da ba su kai mita 6 ba, na farko kuma ya shafi marasa filafilan iska daga mita 6 zuwa sama. Ƙa'idar ta kasa ruwa aji huɗu, mafi sauƙinsu shi ne inda igiyar ruwa ba ta cika wuce santimita 30 ba. Duk wanda hadarin farkon damina ya taɓa riska a tsakiyar Dadin Kowa, lokacin da iskar gabas ta sami fili ta taso ruwa, ya san wurin ba kullum yake zama a wannan aji ba. Don haka jirgin da ke ƙetare ƙaramin kogi da wanda ke ratsa tsakiyar dam bai kamata a ba su tazara ɗaya ba. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na abinci (FAO) da na ƙwadago (ILO) da na sufurin ruwa (IMO) su ma sun haɗu sun fitar da shawarwarin tsaro na ƙananan jiragen kamun kifi, har da buɗaɗɗu irin na masuntanmu. A Amurka kuwa, ƙananan jiragen inji da ba su kai ƙafa 20 ba dole ne maƙerinsu ya manna musu allon da ke nuna yawan mutane da nauyin da za su ɗauka. Ba cewa nake a kwafo littattafan nan sukutum a ɗora wa kafintan Kupto ba. Injiniyoyin hukumar NIWA ta tarayya mai kula da hanyoyin ruwa da na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, da malaman jami'o'inmu na Gombe da Kashere, za su iya tace su su fitar da shafi biyu da Hausa da Fulfulde wanda sarkin ruwa zai karanta ya gane.

Akwai darussa biyu daga waje da nake so ku sa a cikin dokar. A Ingila, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll, an yi dokar 1876 da ta tilasta ja wa jiragen ruwa layin lodi. Amma da farko an bar wa mai jirgi ya zaɓi inda zai ja layin, sai daga baya hukuma ta karɓe wannan iko. Kada mu maimaita. Mai jirgi ba zai ja wa kansa layi ba. Na biyu, a Oktoban 2005 wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Ethan Allen ya kife a wani tafki a Jihar New York, mutum 20 suka mutu cikin fasinja 47. Takardarsa ta ba shi izinin ɗaukar kusan 50, amma binciken da aka yi ya nuna an canza masa rumfa ba a sake gwada shi ba, kuma ainihin abin da zai iya ɗauka lafiya mutum 14 ne. Mu ma nan ana ƙara wa kwale-kwale katako a baki don ya ƙara zurfi, ana ɗora masa rumfa, ana sauya ƙaramin inji da babba. Duk wanda ya yi ɗaya daga ciki, tsohon adadinsa ya faɗi, sai ya dawo gwaji.

Na san wani daga cikinku zai ce ruwa na tarayya ne. Gaskiya ne NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke da ikon kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a hukuncinta na Janairun 2024 a shari'ar da ta shafi Jihar Legas. Madatsar Dadin Kowa ma ta tarayya ce. Amma mutanen da ke shiga jirgin 'yan mazaɓunku ne, kasuwannin da suke ci na ƙananan hukumomi ne, sarakunan ruwa kuma suna ƙarƙashin masarautunmu. Babu abin da ya hana jiha ta zauna da NIWA a rattaba hannu a kan yarjejeniya: su kawo ƙa'ida da injiniya, mu kawo mutane da kuɗin aiki da ido a bakin ruwa. Jami'in da zai zo daga nesa sau ɗaya a shekara ba zai iya tsare gaɓa ranar kasuwa ba. Sarkin ruwa da shugaban masu fito su ne kullum a wurin, kuma maganar Sarkin Yamaltu ko na Nafada ko na Funakaye ta fi takardar ofis saurin isa kunnen matuƙi.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi, wato kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mai jirgin inji yana cika lodi ne don ya fitar da kuɗin mai ya sami na cefane. In kun ce ya rage mutane, ko dai ya ƙara kuɗin fito, ko ya riƙa ɗaukar lodin a ɓoye a wata gaɓar. Dokar da ta kau da kai daga wannan ba za ta yi wata uku da rai ba. Shawarata ita ce gwajin ya zama kyauta, fenti da jarkoki da igiya gwamnati ta saya, kuma kada a mayar da shi ƙofar karɓar haraji. Da zarar an ce akwai kuɗin takarda, za a sami mai sayar da takardar ba tare da jirgi ya taɓa ruwa ba. A raba jirgin kaya da na mutane a ranakun kasuwa, babur da dabba da buhu su bi nasu, mutane su bi nasu. A allon kowane jirgi a rubuta abu biyu, yawan mutane in babu kaya, da cewa duk buhu mai kilo 100 yana cin wurin mutum fiye da ɗaya. Yara ma a ƙirga su. Ɗaliban makaranta da 'yan biki da masu zuwa Mauludi, su ne ake ɗiba a ce ai yara ne ba su da nauyi, alhali su ne ba sa zama wuri ɗaya, kuma su ne ba su iya ruwa ba.

Ana kuma ta kiran a daina amfani da jiragen katako a koma na faiba, wato na haɗin roba da zaren gilashi. In jiha za ta saya, madalla, amma a sani cewa faiba ta fi ruwa nauyi. Buɗaɗɗen jirgin faiba da ba a cusa masa soso mai hana nutsewa ko aka yi masa rufaffun aljihunan iska ba, in ya cika da ruwa ƙasa zai tafi kai tsaye, har gara na katako. Duk jirgin da ɗan kwangila zai kawo, a cika shi da ruwa a gaban jama'a kafin a biya shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafintocinmu kuma kada a ture su gefe. A tara su a nuna musu gwajin da idonsu. Wanda ya ga jirginsa ya kwanta da jarka 30 alhali na maƙwabcinsa mai faɗi ya ɗauki 50, ba sai an yi masa lacca ba, jirginsa na gaba zai fito da faɗi.

Lokacin aikin shi ne rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ruwa ya ja baya kuma masu jirage ke fito da su gaɓa suna toshe ɓaraka da kwalta. Ina roƙon kwamitinku da ke kula da sufuri ya gayyaci NIWA da hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) da sarakunan ruwa da shugabannin masu fito na Dukku, Nafada, Funakaye, Kwami, Yamaltu/Deba da Balanga, a fara da ƙirga jiragen da ke ɗaukar fasinja a kowace gaɓa, a ba kowanne lamba. A zaɓi gaɓa ɗaya a yi gwajin farko a bainar jama'a, 'yan majalisar yankin suna tsaye, sannan a sa kuɗin sauran a kasafin shekara mai zuwa.

Allah ya taimake ku, ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Naku,
Tsohon malamin aikin katako,
daga ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba.